Sabon Takalmin Jikana

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Tsoho ne ke gaishe ka daga Sanyinna. Idona ya yi rauni, rediyon nan ne abokin hirata.

Kakana ya yi karatu a Tambuwal tun zamanin kuɗin wuri, kafin zuwan Turawa. A lokacinsu ɗalibi ba ya riƙe guzurinsa. Mai masauki yake damƙa wa, a riƙa tsakura masa duk ranar kasuwa. Ni ma haka aka yi mini, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

Yanzu jikana Bashiru yana makaranta a can. Na sayar da rago na ba shi kuɗin, na ce ya kai wa mai masaukinsa. Ya yi dariya ya ce, "Tsoho, an wuce nan! Cikin waya nika aje nawa."

Wata bai raba ba ya dawo, wai littattafai sun cinye kuɗin. Da na shafa takalminsa a ƙofar ɗaki, sabo ne fil.

Saura tunkiya ɗaya gare ni. In sayar, ko in hana shi? Tsorona kada ya yi fushi, don ba mai leƙo ni sai shi. Jama'a, ku ba ni shawara.