Da Hagu Zan Miƙa wa Mushe Waina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hajo mai waina, daga Malbaza.

Ɗiyata Balki bahaguwa ce, shekararta bakwai. Da hagu tana rubutu tsaf, amma mushe, wato malamin da ke koya musu a lakwal, makarantar boko, ya ce hagu hannun ƙazanta ne. Ya ɗaure mata shi jikin benci da ɗankwalinta, wai dole ta yi da dama. Baƙaƙe sunka karkace. Sai ya liƙa mata takardar da ta yi rubutun a baya, ya zagaya da ita aji-aji, yara na ihu. Yanzu ko alli ta gani sai kuka. Jiya ta ce mini, "Inna, a yanke hagun in huta."

Na same shi, ya ce, "Ke da ba ki yi lakwal ba, mi kinka sani?"

To, mushen nan kullum wurina yake karin kumallo, gaban direbobin siminti. Wallahi ban yafe ba. Gobe da hagu zan zuba mishi, da hagu zan miƙa, in faɗa wa kowa dalili. Masu sauraro, ku ba ni shawara: wannan ya isa, ko in ƙara?