Harbin Da Ya Rage A Kukar Dalma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Dagaci, shugaban wannan zama, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Malam Liman. Masu unguwanni da Sarkin Noma Iliyasu, ina gaishe ku. Malamin awo da aka turo mana daga birni, ban riƙe sunanka ba, ka yi haƙuri, sannu da hanya. Mutanen Gidan Buwai da kuka tako tun daga ƙetaren rafi, sannunku da rana. Dattawa da samari, da iyayenmu mata da ke can jikin katanga, ina yi wa kowa sallama. Sarkin Baka Sabo, shugaban maharban garin nan, kai ma na gaishe ka, don kada a ce na tsallake ka.

Ni ne Nababa maharbi, ga waɗanda aka haifa bayan ƙarfina ya ƙare. Na gode da aka ba ni dama in tsaya. Na san ba don maganata aka taru ba. An taru ne don a raba filin Kukar Dalma gonaki, ran Asabar a sa igiya, kowa ya san rabonsa. Na kuma san an gama shawara tun a zauren Dagaci, abin da muke yi a nan shaida ce kawai. Duk da haka zan faɗi abin da ya kawo ni, in ya so ku ce tsoho ya yi surutu.

Magana ta farko, wannan bindiga da kuke gani nannaɗe a tsumma. Kada kowa ya matsa, bakinta ƙasa yake kallo.

Kun san idona na dama ya yi yana tun kafin farin nan ya shigo. Maharbin da idonsa na dama ya mutu, a wurin mutane ya gama. Ni ban yarda na gama ba. Da gero ya ƙone shekara ta farko, ya sake ƙonewa ta biyu, gyaɗa ta bi shi, 'ya'yana maza suka tafi cin rani ba su waiwayo ba, sai na dubi gidana na ga mata da jikoki, na dubi hannuna na ga ba abin da ya iya sai harbi. Na ce zan nemi bindigar da za ta yi da ni yadda nake, in bi mota zuwa dazukan kudu inda aka ce har yanzu akwai barewa da gada, in ƙyafe nama in kawo gida.

Na tafi wurin Shago maƙeri na Gidan Buwai, masu bin addinin gargajiya. Ku mutanensa kuna nan, ku ƙaryata ni in na ƙara. Ya sa na rufe ido ɗaya na buɗe ɗaya, ya ɗora mini sanda a kafaɗa, ya zagaya ni yana kallo kamar mai taya jaki. Ya ce, "Nababa, kafaɗarka ta dama ce, idonka na hagu ne. Su biyun nan ba sa ga maciji. Sai dai in yi maka karkatacciya." Na ce, "Karkatacciya kamar addininka?" Ya ce, "Kamar halinka dai." Haka muke da shi tun muna kiwon awaki.

Ya nemo bututun sitiyarin babbar mota a Ɗanbatta, ya yi ta gogar cikinsa har in ka leƙa sai ka ga rana kamar a rijiya. Ya sassaƙa ƙota da icen ƙirya, ya lanƙwasa ta yadda gindinta zai zauna a kafaɗar dama, bututun kuwa ya zo daidai idon hagu. Ya dasa ɗan tsinin tagulla a bakinta, bai fi ƙwayar dawa ba, wanda da shi ake auna abin harbi. Babu irinta a ƙasar nan, kuma ba za ta yi wa kowa amfani ba sai ni. In Sabo ya ɗauke ta, kunnensa zai harbe.

Magana ta biyu, kukar nan da filin da ke bayanta.

Samari, ku da kuka tashi kuka tarar ana ce mata Kukar Dalma, kun taɓa tambayar dalili? Ku je ku shafa gindinta ta gabas. Duk kurajen nan da za ku ji, dalma ce, ta iyayenku da kakanninku. Ba a taɓa ɗaukar sabuwar bindiga daga maƙera a wuce da ita daji ba sai an saita ta a jikin kukar nan. Maƙeri ya zana da'ira da farar ƙasa. Sarkin Baka ya busa ƙaho, kowa ya san yau ba a bi ta bayan kuka, mace ta janye ɗanta, makiyayi ya kora dabbobinsa. Sannan a yi harbi ɗaya. A duba inda dalma ta faɗa, maƙeri ya koma maƙera ya gyara tsini, washegari a sake. Harbi uku ne. Na farko na ganin halin bindiga, na biyu na ganin gyara, na uku shi ne shaida. Bindigar da ba ta yi na uku ba, ba a shiga daji da ita, don ba ta kashewa, sai dai ta karya ƙafar dabba ta tafi ta ruɓe a ƙaya. Haka ubana ya koya mini, haka uban Sabo ya koya masa, in bai manta ba.

Don haka aka bar filin nan ba a noma shi. Ba don iyayenmu ba su da yunwa ba, sun ga yunwar da ta fi wannan. Sun bar shi ne don a samu wuri ɗaya a garin nan da mutum zai miƙa bindiga babu ɗan'adam a gabanta. Yanzu ku juya ku duba. Gabas gona, yamma gona, kudu gida, arewa gida. Ko dutse ka jefa sai ya faɗa a masarar wani. Daga nan har Ɗanbatta babu inda ya rage sai nan.

Magana ta uku, abin da ya faru bara, wanda kowa yake ba da labarinsa yadda ya ga dama, ni kaɗai ba a tambaya ba.

Safiyar farko Sabo ya busa ƙaho, na harba. Dalma ta faɗa hagu da da'ira, kamar taƙi guda. Shago ya ce, "Ta bi idonka." Ya tafi da ita ya bubbuga tsinin ya bi inda dalma ta nufa. Safiya ta biyu Sabo ya busa, na harba, ta ci bakin da'ira daga ƙasa. Shago ya sa zarto ya rage tsinin ɗan kaɗan, ya ce, "Gobe tsakiya. In ba ta shiga ba, ka kira ni da sunan da ka ga dama." Safiya ta uku ya ɗura ta da hannunsa, da albarushin da ya haɗa da kansa, ya daka, ya sa dalma, ya miƙo mini. Muka tsaya muna jiran ƙaho. Rana ta ɗaga, babu Sabo. Ashe ya yi sammako ya tafi layin dawar taimako, da ƙahon a aljihu, bai bar wa kowa ba, bai aiko ba.

Me zan yi? Na ga garwa a bakin rijiya, na ɗauka na yi ta bugu, don a ji a kauce. An ce laifina ne. Ba laifina ba ne. Ni ba na zuwa layin dawa, ban taɓa zuwa ba, yaya zan san cewa a watannin nan bugun garwa ya zama alamar mota ta kawo hatsi? Wa ya zo ya gaya mini? Na durƙusa, na ɗora ido, tsini ya zauna a tsakiyar da'ira, yatsana ya taɓa kunamar bindigar. Sai Shago ya danne bakin bindigar da tafin hannu har ƙasa. Na ɗago kai, ga Hure matar Mati ta ɓullo ta bayan kuka a guje, goyo a baya, ƙwarya a hannu, mata na biye da ita. Ta tsaya tana haki, ta ce, "Baba, ina motar?"

A ranar, ranka ya daɗe, ka hana harbi a ƙasarka sai yadda hali ya yi. Ba ka kira ni ka ji ta bakina ba. Ba ka tambayi Sabo ina ya tafi ba. Na ce in an kwana biyu za a huce. Kafin a huce, bazara ta zo da sanƙarau, ta ɗauke Shago. Ban samu ko ganinsa ba, sai kabarinsa.

To ga abin da ba ku sani ba. Bindigar nan a ɗure take. Ɗurin Shago ne a ciki, na ƙarshe da ya yi a duniya. Tun ranar take rataye a saman gadona, a ɗakin da jikokina ke shiga su fita. Sabo ya aiko mini wai in harba ta sama in huta. Wani ya ce in harba a tsohuwar rijiya. In na harba sama, sama za ta gaya mini ko gyaran Shago ya yi? Mutum ya yi aikinsa, ya ce gobe tsakiya, ya mutu bai gani ba, ni kuma in zubar da maganarsa a rijiya? Ba zan yi ba. Ku je ku duba kukar, da'irar da ya zana tana nan fes. Damina guda ta zo ta wuce, ba ta samu ruwan da za ta wanke farar ƙasa ba. Wannan ita ce daminar da kuke raba fili dominta.

Ba zan ce kada ku raba ba. Da na yi niyyar faɗa, amma na ga fuskokinku. Filin fako ne, Sarkin Noma ya fi ni sani, ba zai ba ku ko abin kunu ba, amma mai yunwa ba ya jin wannan, ni ma ba ƙoshi nake ba. Ku raba. Ba kuma zan ce muku lallai zan kai dajin kudu ba. Gwiwata ta bara ba ita ce ta bana ba, idon hagun ma ya fara hazo da yamma. Wataƙila barewar da nake nema an cinye ta tuntuni. Wataƙila albarushin ya sha sanyi, in na ja kunama ta yi tari kawai ku yi dariya. Duk na yarda. Abin da nake roƙo safiya ɗaya ce kafin Asabar.

Za ku ce a busa ƙaho. Babu ƙaho. Na gan shi da idona a kasuwar Ɗanbatta, rataye a rumfar mai magani, tsakanin fatar damo da ƙashin jimina. Na san shi, akwai tsaga a bakinsa da ubana ya ɗaure da jan zare. Sabo, ba na tambayarka abin da ka karɓa. Gidanka ma baki ne da shi. Amma da aka tsallake ni aka naɗa ka, ƙahon aka ba ka riƙo, ba rawanin kaɗai ba.

Tunda babu ƙaho, na yi tunanin wata hanya, kuma ita ce ta sa na tsaya a gabanku. Ku zo dukanku. Gobe bayan sallar asuba, in gari ya waye, kowane mai gida ya fito da iyalinsa, babba da yaro, mutanen Gidan Buwai ma su hauro, ku tsaya a bayana. In duk garin yana bayana, babu kowa a bayan kuka. Ba zai ɗauke ku lokacin dama fura ba. In harba, mu je tare mu duba, ko tsakiya ko ba tsakiya ba, mutanen Shago su gani da idonsu. Daga nan malamin awo ya sa igiyarsa, ni da kaina zan riƙe masa bakinta. Ranka ya daɗe, ba na neman ka janye dokarka, aron safiya nake nema.

Wanda zai fito, ya ɗaga hannu in gani. Ku ɗaga sosai, idona ɗaya ne.

Ranka ya daɗe, ƙasa kake kallo. Sarkin Noma, kai ma. Mutanen Gidan Buwai, na san ba za ku riga masu gari ba, ban ga laifinku ba.

Akwai hannu ɗaya can jikin katanga. Wace ce? Hure ce? Sauke hannunki, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka, ya raya abin da kika goya. Ke kaɗai ba ki isa ba, abin na kowa da kowa ne, in mutum ɗaya ya rage a gida ba zan ja kunama ba.

Shi ke nan, na ji amsa. Zan mayar da ita inda na ɗauko ta. Sai dai in bar muku wasiyya biyu, tunda ga Liman ga jama'a. Wanda kukar ta faɗo a rabonsa, ya ci ganyenta, Allah ya sa albarka, amma kada ya kankare da'irar, ya bar ruwa ya wanke ta in Allah ya kawo shi. Sannan ranar da kuka shigo ɗakina don ku fitar da ni, ku fara fitar da yara. Wanda zai sauko da bindigar ya kama ta ta ƙota, bakinta ya dubi ƙasa, kada ya taɓa kunama. A ɗure take.

Allah ya ba mu ruwa mai albarka. Allah ya sa filin nan ya ƙaryata ni, ya cika muku rumbu. Allah ya dawo mana da 'ya'yanmu da suka tafi, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, ya ba mutanen Gidan Buwai haƙurin rashin maƙerinsu. Allah ya ƙara wa Dagaci lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.