Gwangwanin Koren Fenti

A layin biyan kuɗi na wani shagon kayan gini a Kingston, garin da ke cike da 'yan jami'a, Desmond na rungume da gwangwanin fenti, matar da ke gabansa kuma tana riƙe da tarkon ɓera.

"Ɗalibi gare ki a jami'a?" ya tambaye ta.

"'Yata ce. Haya na kama mata."

"Haya? Haba baiwar Allah, ai zubar da kuɗi ne! Ni gida na saya wa ɗana sukutum, mai ɗaki huɗu. Yana cikin ɗaya, abokansa uku na biyan haya. Ga karatu, ga koyon riƙon amana."

"Kun ji daɗi. Mai gidan su 'yata ma yaro ne. Mutum tara ya cusa a ɗaki huɗu, ya raba falo da labule. Har nasa ɗakin ya ba da haya, ya watsar da karatun tun bara, yana can yana yawon duniya."

Desmond ya tuntsire da dariya. "Uban wannan ai sakarai ne! Ba ya zuwa dubawa?"

"An ce yau zai zo. Wai zai yi wa ƙofa koren fenti."

A hankali Desmond ya sa tafin hannu ya rufe alamar koren launin da ke kan murfin gwangwanin.