Igiya Mai Ƙulli

Ina rumfar kafinta da goyona, ina jiran a gama kujerar yarinya, sai wata mai ɗinki ta shigo riƙe da igiya.

"Baba, kanta nake so a shagona. Ta wuce wannan ƙullin, nan ambaliya ta tsaya."

Kafintan ya gwada igiyar a jikinsa. "Har ƙirji? 'Yata, ai sai kin hau tsani kafin ki ɗauko yadi."

"Zan hau. Litinin zan buɗe, kuma ba zan sake ratsa ruwa da kayan mutane a ka ba."

"Keken ɗinkin fa?"

"Na bar shi, ya yi tsatsa. Keken ai kayana ne, yadi kuwa amana ce. Goma sha huɗu, ko ɗaya bai jiƙe ba."

Ya ajiye zarto. "Shagon da ke bayan famfo?"

"Shi ne."

"Atamfar matata na ciki. Kwana uku tana ba ni labarinki, har kunnena ya gaji."

Ya ƙulla sabon ƙulli sama da nata.

"Nan zan kafa ta, in ƙara mata faɗi. Wannan karon har keken zai hau sama."