Mazarƙwaila a Bakin Arcesio

Mai girma shugaban ƙungiyar masu ɗaukar mutum-mutumin Waliyyi Isidro, Don Heliodoro, Fada Ovidio, wanda na ga ya riga ya fara duban agogo, malamar asibitinmu Yamileth, dattawan ƙungiya, maza goma sha shida masu kafaɗa, da matansu masu shafa wa kafaɗun nan mai in an dawo gida, da ku da kuka cika tagogi don kun ji an ce Ligia za ta yi magana: barkanku da yamma.

Ina godiya da aka ba ni minti biyar. Shekara casa'in da kafa ƙungiyar nan ba a taɓa ba mace ko minti ɗaya ba, don haka kada a yi mamaki in na haɗa da rabon uwata da na kakata.

Yau za ku jefa ƙuri'a a kan mijina, Arcesio: ko ya ci gaba da riƙe sandar gaba ta hagu ta katakon da ake ɗora waliyyi a kai, wadda ya gada daga mahaifinsa, ya ɗauka shekara ashirin da shida, ko ku miƙa ta ga wani. Laifinsa shi ne ranar bikin waliyyi ya tauna mazarƙwaila a tsakiyar titi, alhali masu ɗauka ba sa cin komai tun safe sai an mayar da waliyyi coci. Ni na sa masa ita a baki. Shi kuwa da za mu fito gida cewa ya yi, "Tsohuwa, don Allah kada ki yi magana." Na ce, "Tsoho, saka hularka mu tafi."

Na farko, ciwon. Ciwon suga ba iri ɗaya ba ne. Na Arcesio nau'i na ɗaya ne, ya same shi yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Jikinsa ba ya yin insulin ko ɗigo, sai an yi masa allura. Ba kwaɗayi ya jawo masa ba, ba shayin ganyen kowa zai warkar da shi ba. Ganyen da kuka kawo mini a shekara talatin, da na tara shi da na yi wa cocin nan rufi. Suga yana hawa, kowa ya sani. Abin da kuka ƙi ji shi ne yana kuma sauka, kuma saukar ba ta jiran a gama waƙa.

Ga abin da ya faru. An kai hawan kasuwa, rana ta take, waliyyi da shanunsa na katako suna kan kafaɗu. Akwai 'yar na'ura manne a damtsen Arcesio mai aiko wa wayata da awon sugarsa. Wayar ta yi ƙara a cikin jaka. Na duba: hamsin da huɗu, kuma yana gangarawa. Na ɗaga kai na ga fuskarsa ta yi fari, gumi na zuba, yana murmushin nan nasa na wanda ba ya nan. Na tsallake igiyar da aka tare 'yan kallo da ita. Na yar da takalmi ɗaya, har yau ban gan shi ba.

Sai maƙwabciyata Doña Tránsito ta cafke mini hannu tana ihu: "Ligia, kashe shi za ki yi? Mai ciwon suga ne!"

Na ce, "Allah ya saka, Tránsito, da ba ki faɗa ba da ban sani ba. Sake ni!"

Ta ce, "Ba zan saki ba, a gaban waliyyi!"

Na ce, "Waliyyin ne zai faɗo miki a ka!"

Tránsito, ga ki can a layi na uku, ban riƙe ki ba. Ƙauna ce ta sa ki. Amma ƙaunar da ba ta yi karatu ba ta kusa mayar da ni gwauruwa. Garin da kowane gida ke dafa ruwan rake, garin da har iskarsa zaƙi gare ta, a nan mutum zai faɗi don rashin suga, jama'a na kare shi daga maganinsa!

Saboda haka ku riƙe wannan, Yamileth na nan, in na yi kuskure ta ƙaryata ni. In kun ga yana rawar jiki, yana gumi, yana maganar da ba ta da kai, ba buguwa ya yi ba. Ku ba shi abu mai zaƙi, ku jira minti goma sha biyar, a sake aunawa. In ya suma kuwa, kada a sa masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a kira asibiti.

Na biyu, azumin. Ni ma'aikaciyar ɗakin karatu ce, a ba ni tsohuwar takarda an ba ni biki. Na karanta kundin ƙungiyarku shafi-shafi, har inda gara ta ci. Babu azumi a dokokin farko. Shekara talatin bayan haka aka kawo shi, don wata shekara masu ɗauka sun karya kumallo da giyar rake, suka kifar da waliyyi a kwata. Sunayensu na nan a rubuce. Don Heliodoro, ba zan karanta ba, amma gidanku ya samu wakilci.

Na uku, kun ce don lafiyarsa za ku cire shi. Wannan ce ta fi ba ni haushi, don ni ma na taɓa yin ta. Shekarunmu na farko ni ce 'yar sandan gidan: me ka ci, nawa ya nuna, ajiye wannan. Wata rana ya aje cokali ya ce, "Ligia, mata na aura ko ma'auni?" Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba, saboda ya faɗi gaskiya. Tun daga nan na koyi aikina: in tambaya, in riƙe zaƙi a jaka, in yi shiru har sai an buƙace ni. Ciwon nasa ne, lissafin nasa ne, kuma a shekara ashirin da shida sau ɗaya tak lissafin ya kuskure masa a ƙarƙashin sandar nan. Wa a cikinku zai iya faɗin haka game da gwiwarsa?

In kun cire shi, na san abin da zai yi. Zai tsaya a bakin titi, hula a hannu, yana kallon wani a gurbin mahaifinsa. Ni ce zan koma gida da shi.

Roƙona ƙarami ne. Ku bar shi ya ci abinci da safe, ku kuma yarda a yi wa rigar ɗauka aljihu, wanda zai ɗauki gutsuren mazarƙwaila biyu. Kafin ku ce ɗinki zai ɗau lokaci: bana ni aka ba wankin rigunan. Na riga na ɗinka. Ba tasa kaɗai ba, duka goma sha shidan, don duk wanda ke kusa da shi ya iya miƙa masa. Mai son farkewa ya zo gida, zan ara masa almakashi, amma a gabana zai yi.

Allah ya ba shugabanninmu basira, ya ƙarfafa kafaɗun masu ɗauka, ya albarkaci raken bana, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi da maƙwabta masu saurare. Ya mayar da kowa gida lafiya.

Arcesio, ɗago kanka, na gama. Na gode.