Gashin da Maman Bulus Ta Ƙulle a Bakin Zani

Ina gaishe ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu mai ceto. Sunana Rahila, ina aji uku a ƙaramar sakandare. Ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na rubuto.

Ranar da ni da Mama muka isa asibiti a Gwagwalada, abin da na fara gani wani mutum ne a kan benci, sanye da kwat mai kyau, ba shi da gira ko ɗaya. Na zauna nesa da shi, ina riƙe ɗankwalina da hannu biyu.

Wata bakwai kafin nan aka fara ganin abin. Maman Bulus, maƙwabciyarmu a Jiwa, ita ke mini kitso kowace Asabar tun ina ƙarama. Tana tsaga kaina sai hannunta ya tsaya.

"Rahila, wa ya aske miki nan?"

Wuri ne kamar bakin kofi, sumul, ba ƙaiƙayi, ba ciwo. Mama ta ce makero ne, ta shafa mini man birki. Fatar ta ƙone, gashi bai fito ba. Wuri ɗaya ya zama huɗu. A makaranta aka mayar da kujerata baya don kada in shafa wa wasu. Kullum ina jin sanyi, ina gyangyaɗi a aji.

Kun san al'adarmu: in an gama kitso, mai kitso takan tattara gashin da ya zube ta danƙa maka a hannu, ka je ka ƙone. Wata Asabar na ga Maman Bulus ta ƙulle nawa a bakin zaninta, domin tukunyarta na ƙonewa a wuta, ta tashi da gudu. Ta manta ba ta ba ni ba. Na san mantuwa ce. Amma da Mama ta matsa mini da tambaya, ko akwai wanda ya taɓa ɗaukar gashina, sai na faɗi rabin abin da na gani. Ban ambaci tukunyar ba.

Wayyo, 'yan'uwa! Mama ta fita ko takalmi babu. Ta tsaya a ƙofar matar tana ihu: "Fito da gashin 'yata! Ina kika kai shi?" Unguwa ta taru. Maman Bulus kuwa sai kallona take yi. Daga ranar mata suka daina kai mata yara kitso. Ta daina zuwa zumuntar mata. Ni kuwa na yi shiru, domin na fi son a ce wani ne ya yi mini, da a ce haka kawai nake.

Likitar da ta duba ni mace ce mai hijabi. Ta ce suna bincike su san yawan masu wannan ciwo da cututtukan da ke tafiya tare da shi, ta nemi izinin Mama ta rubuta nawa. Ta ce garkuwar jikina ce ta rikice take yaƙar tushen gashina, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Mama ta ce, "Likita, hannu aka sa mata."

"Madam, a danginku akwai mai maƙoƙo? Ko mai farin tabo a fata?"

Kakata ta rasu da kumburi a wuya. A hankali Mama ta ja hannun rigarta sama, ta nuna wani farin tabo a gwiwar hannu da ban taɓa gani ba. Gwajin jini ya nuna ƙwayar da ke wuyana ba ta aiki sosai, ita ke sa ni sanyi da barci.

Da muka isa gida na durƙusa a bayan ɗaki na ce, "Yesu, ban roƙe ka gashi ba yau. Ka buɗe mini baki." Ya buɗe! Na shiga na faɗa wa Mama zancen tukunyar, duka. Ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zani.

Gashina bai dawo duka ba. Wuri biyu sun fito fari-fari, girata ta hagu kuma ta fara zubewa. Likita ta ce yana iya tafiya ya dawo. Ina shan magani kowace safiya. Amma Ubangiji ya fitar da ni daga ƙarya da tsoro, ina yi masa godiya. Ku dogara gare shi, ku je asibiti da wuri, kada ku ɗora wa maƙwabci abin da ba ku sani ba.

Maman Bulus har yau ba ta dawo sujada ba. Jiya na samu Mama tana wanke-wanke, na ce mata, "Mama, a gaban mutane kika kira sunanta. Don Allah ki riƙe hannuna mu je ƙofarta da rana, lokacin da kowa ke waje, mu nemi gafararta."