Na Karɓi Hayar Kyautata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da kai da masu sauraro. Ni ce Rabi tela daga Dilimi, kuma raina a ɓace yake.

Kwanakin baya wata marubuciya ta sa gasa a ƙarshen littafinta na gajerun labarai, duk wanda ya ci za a aiko masa da littattafai goma kyauta. Na shiga. Da yake ba mu da akwatin gidan waya, sai na sa na Malam Sabo, aminin babanmu, mai shagon hayar littattafai a Tina Junction.

Wata huɗu ina tambayarsa, yana cewa, "Shiru, 'yata, ƙila ba ki ci ba."

Ranar Asabar na karɓi hayar wani sabon littafi a shagonsa. Ina buɗewa na ga an rubuta da biro: "Ga Rabi ta Dilimi, barka da nasara." Na koma na nuna masa. Ko kunya babu, ya ce, "To ai akwatina aka aiko. Ki dawo da shi Litinin."

Babanmu ya ce in yi haƙuri, wai babba ne. Jama'a, ku ba ni shawara. Yau Litinin, ga littafin a hannuna. In mayar masa da kayana?